Garwashin da Sallau Ya Shiga da Shi Ɗaki

A cikinmu Hausawan da ke zaune a Suwizalan akwai wani babban mutum da bakinsa ya kashe rai, kuma har gobe shi ake miƙa wa lasifika a duk taron suna.

Ba zan kama sunanka ba, Dokta. Ka san kanka. Na kuma san kana karanta duk abin da nake rubutawa, ba ka dai danna komai.

Ku kuma sauran jama'a, ku saurara.

Wata rana, Asabar ce, tsakiyar sanyi, muka haɗu mu goma sha ɗaya muka kama wani tsohon gidan katako a kan dutse, mu yi kwana biyu mu huta.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba, ba zai gane me ya sa ƙatti da gemu za su yi wata guda suna shirin cin tsire ba. Nan sai ka yi mako uku ba wanda ya yi maka sallama da Hausa. Maƙwabcinka ya san ranar da kake fitar da shara, bai san sunanka ba.

Shi ya sa muke ɗokin irin wannan fita kamar yara.

Muka hau jirgin ƙasa tun da safe. Daga nan muka shiga wannan akwatin gilashin da ke rataye a jikin waya, ya ɗaga mu sama. Mata na ta salati, maza na ta ɗaukar hoto don a tura gida a ga ana jin daɗi.

Kowa da kayansa. Wata ta zo da ƙullun masa a bokiti. Wata ta zo da daddawa, an naɗe ta a leda uku don kada Turawan cikin jirgi su fara waige-waige. Ni na sayo cinyar rago wajen mahaucin Turkawa na unguwarmu.

Sallau ne ya zo da yaji.

Sallau mutumin Malumfashi ne, shekararsa talatin da huɗu. Matarsa Lantana ce ta samu gurbin karatu, shi ya biyo ta. Watansu takwas kacal a ƙasar. Tana da ciki wata biyar, na fari.

A gida tsire yake yi a bakin tasha. Yajin nan da hannunsa ya daka shi da ƙuli-ƙulin da babarsa ta ƙulla masa a akwati. Tun da ya zo bai samu aiki ba, kullum yana ɗaki yana kallon bango. Ranar nan ce rana ta farko da aka ce ga abin da Sallau ya fi kowa iyawa.

Da kun ga fuskarsa.

Ya hura gawayi a ƙofar gida, cikin dusar ƙanƙara, ya naɗe hannun riga, yana jera tsinke yana yi wa kowa tsiya. Ya ce naman ƙasar nan kamar ragon bai taɓa shan wahala ba. Lantana na zaune a bakin ƙofa cikin bargo biyu, tana cewa, "Kai dai gasa, surutu ba ya cika ciki."

Wallahi ban taɓa cin tsire irin wannan ba, har a gida.

Muka ci, muka yi azahar. Aka ce a fita wasan sulu a kan ƙanƙara kafin rana ta faɗi. Lantana ta ce ita ba za ta iya ba, bayanta na ciwo, za ta ɗan kwanta. Sallau ya ce zai zauna da ita.

To gidan nan murhu ɗaya gare shi, a falo. Ɗakunan kwana sanyi kamar cikin firij.

Ina ɗaura takalmi sai na ga Sallau ya shigo da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe, ya riƙe ta da tsumma. Ya kwashe garwashin da ya rage ya zuba a ciki, jajur.

Ni sunana Mati. Shekarata goma sha tara a ƙasar nan. Aji uku na sakandare na tsaya. Jamusanci a titi na koye shi. Da wankin tukunya na fara a wani otal, yanzu ni ke kan murhu. Duk shekara 'yan kwana-kwana sai sun zo kicin ɗinmu sun tara mu sun yi mana bayani, kuma abu na farko da suke faɗa shi ne wannan: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, ba ta da launi. Barci take sa ka, ba ka tashi.

Na ce, "Sallau, ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Ɗaki, Yaya. Uwargida na rawar ɗari."

Na ce, "Mayar da shi waje. Yanzu. Gidan Turawa ba ya numfashi, dubi tagar can, roba ce zagaye da ita. Wannan abin kisa yake yi."

Ya tsaya. Wallahi ya tsaya, har ya juya zai fita.

Sai Dokta ya yi magana daga kan kujera, yana sakace haƙori.

"Haba, Mati. Hayaƙi ke kisa, wannan ya riga ya ruru, ina hayaƙin? Duk cikinmu wa bai kwana da kaskon wuta a ɗakin tsohuwarsa ba? Ga mu nan da ranmu. Sallau, shige abinka. Mutum ya daɗe a cikin tukwanen Turawa sai ya fara tsoron wuta."

Aka yi dariya.

Ba kowa ba. Amma aka yi.

Akwai mutum biyu a ɗakin nan da suka san gaskiya na faɗa. Na ga idonsu. Ɗaya ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, ɗaya ta shige kicin. Wa zai ƙaryata Dokta a gaban mutane? Ba likita ba ne, dokta ne na karatu, amma shi ne babba. Shi ke tarbar baƙo a filin jirgi. Shi ke cika wa mutane takardu.

Sallau ya dube ni, ya dubi Dokta. Ya yi ɗan murmushin nan na ban haƙuri, ya shige da tukunyarsa.

Gaskiya ne mun kwana da kasko a gida. Amma ɗakin tsohuwata ƙofar langa-langa ce, ƙarƙashinta kyanwa na wucewa. Tagar katako ce da ta tsage. Tsakanin bango da kwano kana hango taurari. Iska na shiga ta ko'ina, ita ta raya mu, ba wayonmu ba.

Wannan bayanin da na yi muku yanzu, shi ya kamata in tsaya in yi.

Ban yi ba.

Kun san halina. Kaina ya ɗau zafi. Ni za a kira mai tukwane a gaban mata? Na zagi wanda zan zaga a cikin raina, na ɗauki jakata, na buga musu ƙofa. Na bi akwatin gilashin na sauko.

A cikin jirgin ƙasa na ciro waya. Na nemo lambar Sallau. Na ce bari in kira shi in ce ko tagar ce ya buɗe.

Sai zuciya ta ce da ni, ai ka faɗa. Ka fita hakkinsu. Su je su ji da Doktansu.

Na mayar da wayar aljihu.

Na zauna ina kallon duwatsu farare tas ta gilashi, irin waɗanda ake sa wa a kalanda, ina ta tsara baƙar maganar da zan rubuta wa Dokta.

Da la'asar sakaliya wayar ta yi ƙara. Ban gane muryar ba saboda kuka.

Sun dawo daga sulu suna dariya, suka ƙwanƙwasa ɗaki a fito a yi salla. Shiru. Suka ce barcin gajiya ne, suka ba su rabin awa. Sannan aka tura ƙofa.

Lantana na kan gado, an lulluɓe ta da bargo uku har da rigar sanyinsa. Shi yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado, kusa da tukunyar. Kamar mai gyangyaɗi.

Jirgi mai saukar ungulu ya zo cikin minti kaɗan. Ƙasar nan ba su wasa da wannan. Ita aka ɗauka da sauran numfashi.

Shi ba a yi gaggawa da shi ba.

Lantana ta farfaɗo bayan kwana biyu. Cikin bai tsaya ba.

A nan muka binne Sallau, a ɓangaren Musulmi na maƙabartar gari. Sai da aka kawo injin ya fasa ƙasa saboda ta daskare. Babarsa ta kalli jana'izar ɗanta ta waya, wani ya ɗaga mata, hoton na yankewa.

A wurin zaman makoki kowa magana ɗaya: kwana ya ƙare. Haka Allah Ya tsara.

Na yi imani da ƙaddara, kada wani ya shigo mini da wa'azi a ƙasan rubutun nan. Amma na lura masu saurin faɗin haka su ne waɗanda suka yi dariya.

Na je asibiti da kunun gyaɗa a fulas. Na shirya zan gaya mata wanda ya ce wa mijinta ya shige. Na haddace maganar tun a hanya.

Tana kwance, ta juya fuska bango. Ban kai ga buɗe baki ba ta ce:

"Yaya Mati, ina jin ku daga ɗaki ranar nan. Da gaske ka san yana kisa?"

Na ce, "Na sani, Lantana."

Ta ce, "Dokta bai sani ba. Sallau bai sani ba. Kai da ka sani, me ya sa ka tafi?"

 

Na ajiye fulas ɗin na fito.

Tukunya ce fa. Ba ta kai nauyin wadda nake ɗagawa sau talatin a rana ba. In fizge ta in watsar a ƙanƙara, a ce ba ni da kunya, a daina gayyata ta taro. Shi ke nan abin da zai same ni.

Lantana ta bar karatun, ta koma Malumfashi. Ba ta ɗaga wayata. Ban ga laifinta ba.

Darasi:

Na ɗaya, kada ka kuskura ka shigar da garwashi ɗaki a ƙasar da tagoginta ke da roba. Ko na gashi, ko na ɗumama jiki. Rashin hayaƙi ba ya nufin babu guba. A gida ma, masu sabon gini da tagar gilashi, maganar nan da ku nake.

Na biyu, girma da digiri ba sa mayar da kuskure daidai. In ba ka sani ba, rufe bakinka, domin akwai mai bin maganarka don yana jin nauyinka.

Na uku nawa ne. In rai ne a tsakani, faɗa sau ɗaya ba fita hakki ba ne. Ka tsaya a zage ka. Ka sa hannu. Fushinka ya jira gobe.

Ku tura wannan ga duk wani naku da ke ƙasar sanyi, musamman sabon zuwa. Ku tura yau, kada ku ce ai ya sani.

Kai kuma da kake karantawa kana girgiza kai kana cewa da kai ne da ba ka tafi ba: sau nawa ka ga babba yana jan mutane zuwa ga halaka, ka sunkuya kana gyara takalmi?

Ka ce ba ka taɓa ba. Ga wurin sharhi nan a ƙasa, rubuta da cikakken sunanka.