Takin Jemage da Sunan Balki

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a Tsibiri, kuma har yau in na bi ta gonakin rani na Jiratawa sai na waiga wajen da fegin albasarsa yake. Abokina ne, tare muka koyar a lakwal ɗaya, wato makarantar boko, a Maraɗi.

Lokacin an shiga dimokuraɗiyya da ƙafar hagu. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, azuzuwa a rufe wata da watanni. Mu muka zauna gindin bishiya a Sabon Gari muna gyara ƙasa da baki, shi ko Lawali ya nemi fegi a Jiratawa. Takin zamani ya fi ƙarfinsa, sai ya tuna da jemagun da suka cika rufin azuzuwanmu. Yakan hau da tsintsiya da buhu ya kwaso kashinsu, ya sauko fari fat da ƙura yana tari, muna yi masa dariya muna kiransa ministan jemagu. Albasar kuwa ta yi kyau, ban taɓa ganin irinta ba.

Bayan damina ciwon ciki ya kama shi. Zawo ba tsayawa, wani lokaci da jini, ga zazzaɓi, ga rama. A asibiti aka ce tarin fuka ne ya sauka hanji. Ya sha maganin wata da watanni, kullum jiya ta fi yau. A nan ne kuma aka gaya masa yana da sida, wato ƙanjamau, ya gaya mini, ya gaya wa matarsa Balki, muka rufe.

To, a wurinmu in magidanci ya bushe da ciwon ciki, magani ya ƙi ci, ba a tambayar wace cuta ce, sai a tambayi wa ke dafa masa abinci. Dangi suka ce sammu ne, Balki ta ba shi a tuwo. Mahaifiyarsa ta hana a karɓi ko ruwa daga hannunta. Aka tsai da magana a mai da ta gidansu, a karɓe 'yarsu Nana.

Ranar da suka taru, Lawali ya sa na tallafe shi zuwa zaure. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Inna, ku bar ɗora ma Balki laihi. Ba ta ba ni komi ba. Sida gare ni, likita ya hwaɗa mini."

"Rufa ma kanka asiri, Lawali," in ji kawunsa.

"Kawu, in na rufa nawa, nata za ya tonu a kan ƙarya."

Wanda bai ga wancan zamani ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Zauren ya watse. Masu zuwa dubiya suka ɗauke ƙafa, aka ware masa kwano da moɗa. Balki ce kaɗai ke wanke shi har ya cika, kuma mutanen da suka bi gawarsa ba su cika sahu biyu ba. Wannan abu yana ci mini rai har gobe.

Bara Nana, wadda yanzu take aikin jinya, ta zaunar da ni ta ce, "Baba, ina jin na san abin da ya ci cikin mahaifina." Ta ce akwai wata cuta, histoplasmos, wani irin funfuna ne da ke zama cikin kashin jemage da na tsuntsaye. Da ƙura ake shaƙarsa. Mai ƙarfin jiki sau da yawa ba ya ko sani, amma wanda sida ta raunana sai ya bazu masa har hanji, ya yi gyambo a ciki, ya yi kama da tarin fuka har likita ya ruɗe. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a gwada ba, amma yana da magani. Na tuna dariyar da muka yi masa.

Da Lawali zai leƙo yau, da ya ga masu irin ciwonsa suna shan ƙwayar magani suna zuwa kasuwa, Balki ma cikinsu, da furfurarta. Da ya yi murna. Amma na san shi, sai ya tambaya ko an daina ba mai ciwon ciki maganin tarin fuka a kan zato, ko an gaya wa manoma su rufe hanci in za su kwashi taki, ko an daina neman mai laifi a madafa.

Bai bar gadon gida ba, fegin ma ya koma hannun wasu. A Tsibiri har yanzu akwai masu sassauta murya in za su ambaci sunansa, ya kuwa san haka za a yi tun kafin ya buɗe baki. Amma Nana a ɗakin uwarta ta girma, kuma ba wanda ya taɓa ce mata 'yar mai sammu. Allah ya jiƙan Lawali.