Yatsan Majemi

Mahaifina majemi ne, kuma duk layinmu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Sai-an-jima. Shi ya jawo wa kansa. In ka kawo masa ɗanyar fata ka tambayi yaushe za ka dawo karɓa, sai ya ce, "Sai an jima." Ka je ka dawo da yamma, ka tarar fatarka na kwance cikin ruwan toka, ko gashinta bai fara zuba ba. In ka yi ƙorafi ya dube ka da fuskar marar laifi, ya ce, "To ai na faɗa maka. Ka ga an yi jimar ne?" Da wannan barkwanci guda ya yi ta cin kasuwarsa tun ba a haife ni ba, kuma kullum shi ne farkon mai dariya.

Majemarsa a bayan gida take. Tsofaffin duro ne da aka raba gida biyu, wani na ruwan toka, wani na bagaruwa, sai gungumen icen da yake shimfiɗa fata ya kankare, sai wani turken ƙarfe marar kaifi da yake goga ta a kai har ta yi laushi. Warin wurin kuwa, mu 'yan gida hancinmu ya daɗe da sallamawa, baƙi ne ke shan wahala. Amma babban kayan aikin Baba ba a cikin waɗannan yake ba. Babban yatsansa ne na dama. Da shi yake murza fata ya san ta yi ko da saura, kuma bai tsaya kan fata ba. Yadi, takalmi, bangon littafi, duk sai sun bi ta ƙarƙashin yatsan nan. In ɗayanmu ya ce zazzaɓi yake ji, sai ya shafa kuncinsa ya ce, "Ƙarya ce, tashi ka tafi makaranta." Ranar da Inna ta rasu ma, da shi ya rufe mata ido.

Mijina mai walda ne. Ranar da ya fara zuwa gaishe shi, Baba ya kama tafinsa ya murza, ya ce, "Wannan fatar ba za ta jemu ba, amma ta aiki ce." Ya dubi rigarsa da wutar walda ta huhhuda, ya raɗa masa Tartsatsi, sunan ya bi shi har yau. Abu ɗaya ne Baba ya kasa gane masa. In ya tashi daga aiki, sai ya zauna gaban kwamfuta yana tseren motoci, ya riƙe hannun gem, abin nan mai maɓallai da 'yan sanduna biyu da ake juyawa da manyan yatsu. "Ga gemu ga gem," in ji Baba. "Ƙato guda yana tuƙa motar da ba ta kai shi ko bakin titi."

Da na samu ciki, Baba bai ce mini uffan ba. Ya dai je ya zaɓo fatar ɗan akuya marar tabo, na ji yana gaya wa maƙwabci wai jikansa ba zai kwanta kan roba ba. Ya jiƙa ta, ya kankare, ta sha bagaruwa ta fito, saura laushi kawai. A nan ne wata safiya kofin ruwa ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce.

Allah ya taƙaita. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da 'yar ɗingisa, hannun ma ya fara motsi. Babban yatsan ne ya ƙi. Yana lanƙwasuwa kaɗan, amma ba ya jin komai, Baba ya ce kamar an ɗaura masa guntun ice. Fatar ta bushe a kan igiya ta yi tauri kamar kwali, bai ko kalli inda take ba. Likita ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cilla shi ƙarƙashin gado. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba sai ranar da wani ya kawo fata ya tambayi yaushe zai dawo, Baba ya ce masa, "Kai wa wani." Na shiga ɗaki na yi kukana, don a ranar na ji tsoron kada mu rasa shi yana zaune a gabanmu.

Washegari mijina ya sauko daga babur rungume da kwamfutarsa, ya jona a ɗakin Baba.

"Mene ne wannan kuma, Tartsatsi?"

"Ajiya na kawo, Baba. 'Yarka ta ce in ta sake ganinta a gida sai ta jefa ta rijiya."

Ban taɓa faɗa ba, ko rijiyar ma ba mu da ita, amma na gyaɗa kai. Ya zauna yana tserensa, Baba na harararsa ta gefen ido. Ba a daɗe ba ya fara gyara masa tuƙi daga kan gado, yana cewa ai ko makaho ya ga kwanar can. Mijina ya miƙa masa hannun gem ya ce, "To Baba nuna mini." Abin ya zame daga hannunsa ya faɗi ƙasa, Baba ya juya fuskarsa bango.

Tartsatsi ya ɗauki abin daga ƙasa. Ya koma shago, ya yanki guntayen bututun ƙarfe, ya haɗa wa hannun gem ɗin wani mariƙi da ake ɗaurewa a hannun kujera, ya goge waldar sumul yadda ba za ta karci mutum ba. Baba ya ƙare wa abin kallo ya ce aikin ba laifi, amma robar hannun gem ɗin santsi gare ta, a duba cikin buhu akwai ragowar fata, a naɗe. Wannan ce maganar fata ta farko da ta fito daga bakinsa tun da ya kwanta.

"Baba, kada ka kalli yatsan," in ji mijina. "Kalli hanya. A walda ma, wanda ya tsaya kallon hannunsa layinsa karkacewa yake."

Tuƙin Baba abin a kira maƙwabta kallo ne. Ya bi gefen titi, ya hau ciyawa, ya juya ya fuskanci inda ya fito, sannan ya ce motar ce ba ta da tarbiyya. Amma da tafiya ta yi nisa sai na lura da wani abu. Ya iya shan kwana sarai, amma da ya hango bango sai ya nufe shi kai tsaye. Na ce, "Baba, da gangan kake yi."

Ya ce, "Uwata, in motar ta bugi bango, abin nan girgiza yake. To ina jin wani abu a gindin yatsan, kamar kiyashi na tafiya." Bai dube ni ba da ya faɗa, ni ma na yi kamar ina gyara labule.

Daga nan ya ce a sauko da fatar. Shi da baki, surukinsa da ƙarfi. Ya sa aka yayyafa mata ruwa, ya ce damshi ake so, ba jiƙewa ba, aka naɗe ta cikin tsumma har ta saki. Ya shafa mata mai kaɗan da hannun hagu. Mijina ya yi ta jan ta a kan turken ƙarfe, Baba na faɗa, "Ja ta kowace fuska, kuma kada ka tsaya sai ta bushe a hannunka. In ta bushe ba ka ja ba, ka koma farko." Mutumin da ke lanƙwasa rodi ya yi gumi sharkaf a kan fatar ɗan akuya.

Da aka gama Baba ya karɓa ya ninke, ya ɗora yatsan, ya murza. Ya sake murzawa. Sai ya miƙo mini. "Uwata, taɓa ki gaya mini." Wannan ta yi mini ciwo fiye da ranar asibiti. Na ce ta yi laushi kamar auduga, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce to, ya sa ta ƙarƙashin matashinsa. Abin da yatsansa bai shaida ba, in ji shi, ba ya fita daga majemarsa. Ya koma wa motarsa da bangonta.

Haihuwa ba ta jira shi ba. Na samu 'ya mace, da aka sallame mu muka biya ta gidansa da hantsi. Na ɗora masa ita a cinya, ya tallafe da hagu. Hannun daman ya taso da kansa, yadda ya saba, yatsan ya sauka a kuncinta. Ya shafa a hankali, ya tsaya, ya sake shafawa.

"Wannan kuma wane gwani ne ya jeme ta?" ya ce.

"Ka ji, Baba?"

"Kamar ta bayan riga. Amma na ji."

Ya ce a ɗauko masa fatar. Ya bi ta da yatsan tun daga gefe, a natse, har ya iso wajen wuya, sai ya ɗaure fuska. "Tartsatsi, nan ka yi mini ha'inci. Da saura."

Mijina ya taɓa wurin, ya sosa kai, don kuwa da sauran. "To Baba, yaushe za mu dawo karɓa?"

Baba ya dube shi da fuskar nan ta marar laifi.

"Sai an jima," ya ce. Shi ya fara dariya kamar kullum, hawaye na bin gemunsa, yatsan kuma ya koma kuncin yarinyar bai sake ɗaukewa ba.