Sati Uku a Duron Baffa Iro

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Baffa Iro a Gubuchi ya san shuɗin duron nan da ke gindin dalbejiya, can nesa da tankunan tarwaɗarsa. Kowane sabon kifi, ko daga ina ya fito, sai ya yi sati uku a ciki kafin ya haɗu da 'yan gida. Baffa zai leƙa, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Malam, ban san ruwan da ka sha ba." Kifi fa! Har da Malam. Ni kuwa aurena ne kacokan ya taɓa shiga duron nan, amma bari in zo wurin.

Ragar duron daban take, bokitinsa ma daban. Ranar da matarsa, Inna Kulu, ta ɗauki bokitin ta ɗebi ruwan wanki, sai da Baffa ya cuɗe shi da gishiri ya shanya kwana biyu.

"Yau na ga ikon Allah!" in ji Inna. "Shekara talatin ina tuƙa maka tuwo, yanzu ni ce mai cutar?"

"Ke kin gama naki satin tun tuni, Kulu. Bokitin ne bai gama ba."

Haka ya yi wa amininsa Malam Tanimu na Gazara, da kifinsa suka fara mutuwa ya zo neman shawara. Tun daga ƙofar zaure Baffa ya daka masa tsawa: "Tsaya nan! Daga wurin kifinka kake?"

"Haba Iro, gaisuwar ma daga nesa?"

"Da kai ba ni da matsala. Takalminka ne ba mu saba ba."

Daga nesan suka gaisa. Amma da Malam Tanimu ya wanke tankinsa, Baffa ne ya kai masa 'ya'yan kifi cike da jarka, kyauta.

To, ni. A lokacin ba abin da nake yi sai karatun littattafan soyayya, ina jiran saurayi mai sanyin murya ya sauko daga mota yana ƙamshi. Wanda Allah ya kawo shi ne Nura, malamin firamare a Makarfi, a kan babur. Na so shi kamar raina. Mahaifina ya rasu, Baffa ne waliyyina, kuma shi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Nura ya ji Baffa na da akwatin gilashi a zaure mai ƙananan kifayen ado, sai ya sayo masa jajaye guda biyu a leda daga Zariya. Wayyo! Ina ganinsu na ce a raina wannan ni ce, wancan shi ne, za mu yi ta yawo tare cikin gilashi har abada. Baffa ya karɓa, ya yi godiya, ya wuce da mu duro.

Kwana tara, sai ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsu kamar an barbaɗa musu gari. Na shige ɗaki na yi kuka irin na littafi, har da rungume matashi. Mutumin da ya hana amininsa shiga gida saboda takalmi, me zai yi wa wanda ya kawo masa cuta a leda?

Aka kira Nura. Ina laɓe a bayan zana. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon duron.

"Baffa, laifina ne. A bakin titi na saya, kyansu na duba, ban tambayi komai ba. A koya mini yadda ake jinyarsu."

"Ka iya zuwa kullum?"

"Zan iya."

Kullum aka tashi makaranta sai ga shi, ya naɗe hannun riga, ya canza ruwa, ya auna gishiri, Baffa na zaune a kujera yana yi masa faɗa. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya warke. Ban yarda na tambayi kaina wanne ne ni ba.

Ranar da aka saka mai ran a gilashi, Baffa ya kira ni. "Ke Hajjo, kifin nasa dai marasa lafiya ne. Amma da na nuna masa, bai ce laifin ruwana ne ba, bai ce na mai sayarwa ne ba. Ki ce ya turo manyansa."

Ranar da za a kai ni, ya riƙo hannuna har bakin mota, idonsa ya yi ja. Na ce, "Baffa, kuka kake?" Ya ce wata tarwaɗa ce ta watsa masa ruwa.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Allah ka jiƙan Baffa Iro, ka sanyaya makwancinsa, ka kula da shi yadda ya kula da marainiyar ɗan'uwansa. Amin.