Mai Tsallake Kwanaki

Kwana uku ke nan ina ganin baƙon nan na hukumar rabon ruwa a bakin kanal ɗin Kadawa, siriri, ido jajur, kwamfuta a cinya. Takalminsa bai san taɓo ba. Yana dannawa yana cizon leɓe, kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Na ce, "Ɗan nan, yaushe za a sako ruwa? Tumatirina ya langaɓe."

Ya ce, "Iya, na'urar tana gwada rabon ruwan sau dubu, kamar jefa ƙuri'a, sai ta yi wata ba ta gama ba. Ina koya mata ta lissafa kwana ɗaya, ta tsallake goma."

Ya koma kan danne-dannensa. Da gani wani babba ya matsa masa. Na tausaya masa, wallahi. Amma shuka ba ta iya tsallake ba. Cikin goman nan tawa za ta mutu.