Ruwan da Ya Daskare a Kan Tsani

Yau na ga ƙanƙara a gilashin motata, gabana ya faɗi, na tuna Kawu, dattijon da ya koya mini wankin tagogi.

Wata safiyar Janairu a garin Bowie na Amurka, na hau tsani da bokitin ruwa zalla, ban zuba maganin daskarewa ba. Ruwan da ya zube ya daskare a matakalan. Ina can sama, yatsuna sun sandare, na kasa saukowa.

Kawu ya cire safar hannunsa, ya hawo bayana. "Kada ka dubi ƙasa, ɗana, ni za ka saurara." Ya riƙa kama diddigena yana saukar da ni taki ɗaya-ɗaya.

Allah Ya riƙe ƙafarsa a kan Siraɗi yadda ya riƙe tawa.