Ƙimar Keken Isa Direba

Cikin shekaru talatin da ɗaya da na yi ina aikin kotu, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da alƙali ya mayar mini da takardar ƙiyasi saboda keke guda ɗaya. Lokacin ina mataimakin rajistara a wata kotun shari'a a Ƙauran Namoda, saura mini shekara huɗu in ajiye aiki. Ku da kuka shigo kwanan nan nake ba labarin, domin irin wannan takarda ita ce za ta fi bi ta hannunku.

Ga wanda bai san tsarin ba, idan magada suka kawo rabon gado, alƙali yakan fara tabbatar da mutuwar da kuma waɗanda suka cancanci gado. Daga nan sai a tura mu gidan mamacin mu rubuta duk abin da ya bari, mu sa wa kowane abu ƙima. Ba mu ne ke yanke ƙimar da kanmu ba. Gida da gona dillalan fili ke faɗa, dabbobi dillalan kara, sutura 'yan gwanjo. Kowane ya faɗa sai ya sa hannu ko ya dangwala. Namu rubutu ne da shaida.

Mamacin sunansa Malam Isa, amma duk unguwar tasha da Isa Direba aka san shi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu: Sani, mai sayar da taki a kasuwa, da ƙanwarsa Hadiza, malamar firamare a Zurmi. Dukiyar ba ta da yawa. Gidan da suke ciki, gona a Sakajiki, tumaki shida, sai kayan ɗaki.

Mun kusa gamawa Sani ya buɗe wani ɗan ɗaki a zaure. Akwai tsohon gadon ƙarfe, da fitilar aci-balbal, da keke rataye a bango an lulluɓe shi da buhu. Na ɗaga buhun na duba. Tayoyin sun bushe sun tsattsage, ba su fi kaurin babban yatsa ba. Ba kariyar ɗaukar kaya, ba madigadi, ba ƙararrawa. Ƙahon ya lanƙwashe ƙasa kamar na rago. An shafe shi da shuɗin fenti irin na ƙofa, har sawun buroshi ana gani.

Sani ya ce, "Rubuta shi cikin ƙarafa, Malam. Ɗan gwangwan ya taɓa aza shi ga sikeli, bai kai komi ba."

Hadiza tana bakin ƙofa, ta ce in dai haka ne a sa mata shi cikin kasonta. Sani ya yi dariya ya ce ta ɗauka har da gadon ƙarfen. Mahaifiyarsu ta aiko daga ciki cewa ta amince. Ni kuwa na rubuta layi ɗaya: tarkacen ƙarfe, gado da fitila da keke. Na sa musu abin da ɗan gwangwan zai biya, wanda bai wuce kuɗin tiya uku ta gero ba.

Washegari na kai takardar ofishin alƙali. Dattijo ne mai karatu a hankali, yana bin layi da kan biro. Ya zo wurin ya tsaya.

"Wa ya ƙimanta keken?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ne. Matacce ne, kuma magada sun yarda."

"Kai mai keke ne?"

Na ce a'a.

"To, ina hannun mai keke?"

Ya turo mini takardar. Bai ɗaga murya ba. Na fito raina a ɓace, don a ganina ɓata lokaci ne kawai.

Da la'asar na sa aka ɗauko keken zuwa rumfar Malam Ɗahiru, wanda ya fi shekara arba'in yana gyaran keke kusa da tashar jirgi. Na yi zaton zai kalla sau ɗaya ya dangwala mu tafi. Sai ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce ya kara kunne. Ya kifar da shi, ya zuba kananzir a tsumma ya goge ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Wasu lambobi suka fito, da wani tambari da aka huda cikin ƙarfen.

Ya ce, "Wanga ba walda ba ce. Duba inda bututu ya haɗu da bututu, hannun riga anka yi mai, anka zuba tagulla. Keken tsere ne na Turawa. Na san Isa na da shi, amma bai taɓa kawo man shi ba, shi ka gyaran abinai."

Na tambaye shi nawa zai yi. Ya ce a Ƙaura ko rabin kuɗin keken noma ba zai yi ba, tunda ba ya ɗaukar buhu, kuma ƙaya ɗaya ta ishi tayarsa. Amma ya ce ba zai dangwala ba, domin ya san akwai inda ake neman irinsa, shi kuwa bai san farashin can ba. Ya ce in je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis in nemi wani Ilu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi wa 'yan tseren keke aiki a Nijar.

Kafin ranar na koma wurin Sani na tambayi asalin keken. Ya ce mahaifinsu ya yi wa wani injiniya ɗan Italiya tuƙi zamanin da ake shimfiɗa kwalta a yankin nan. Baturen yakan hau keken duk Lahadi, Isa na biye da shi a mota da ruwan sha. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa shi. Sani ya san labarin tun yana yaro, bai dai taɓa haɗa shi da kuɗi ba. Ina gama tambaya ya dube ni ya ce, "Mi ya faru? Shina da tsada ne?" Na ce ban sani ba tukuna, kuma gaskiya na faɗa.

Ranar Alhamis muka bi ayarin motocin kasuwa, don lokacin ba a bin hanyar Shinkafi mota ɗaya saboda 'yan bindigar daji. Na ɗauki keken, na kuma tafi da Sani a matsayin wakilin magada, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Muka sami Ilu a layin masu kayan keke, mutum siriri mai furfura, yana kiran keke belo.

Ya fi awa guda a kansa. Da farko ya kwance inda feda ke juyawa, ya nuna mana cewa ɓangarorin biyu duk gefe ɗaya suke kwancewa. Ya ce kekunan da muka saba da su, na dama baya-baya yake kwancewa. Ya auna faɗin wurin, ya ce wannan faɗi da wannan zare aikin Italiya ne, ko ba rubutu zai gane. Ya kankare fenti kaɗan a jikin birki da giya da feda, suna ɗaya ya fito a dukkansu, ya ce ba a taɓa sauya su ba, kuma rabin kuɗin a nan yake. Ya ɗaura zare daga ƙafar baya ya zagayo ta wuyan keken ya dawo, ya auna tazarar hagu da dama, ya ce jikin bai karkace ba. Ya zare sirdi ya haska cikin bututun da fitilar waya, tsatsa kaɗan ce. Tayar ma ya nuna mana ɗinke take da tub a ciki, manna ta ake yi da gam.

Sai ya koma kan aibi. Sirdin ba nasa ba ne. Akwai ɗan loɓawa a bututun sama. Babban aibin kuwa shuɗin fentin nan.

Ya ce, "Da tsoho ya bar shi da fentinai na asali, ko ya koɗe, da kuɗin ya kusa ninkawa. Masu sayen irin wanga tsufan suka biɗa."

Sani ya ce, "Don kar shi yi tsatsa ya shafa."

Ilu ya ce, "Ya kyauta ma keken, bai kyauta ma ku ba."

Na ce ya faɗi ƙima in rubuta. Ya ce shi ma ba zai faɗi lamba daga kansa ba, amma ya san wani dillali a Kano da ke tara tsofaffin kekuna yana tura su waje. Ya ɗauki hotuna, har da lambobin ƙasa, ya tura. Kafin mu yi sallar la'asar dillalin ya kira. Ya yi tayi kusan kuɗin sabon babur, in har yaronsa ya zo ya ga abin da ke hoto shi ne a ƙasa. Muka yi wa Ilu godiya muka shiga mota.

Da na koma ofis ranar Litinin na tarar da Hadiza zaune a benci tana jirana. Ta gaishe ni, ta ce, "Malam, da ka bar shi yadda ka rubuta tun farko. Kowa ya yarda."

Na ce sun yarda ne a kan abin da ba su sani ba, kuma ni na jawo, tunda na rubuta abin da ban sani ba. Ta ce ita ba kuɗinsa take so ba. Tun tana ƙarama ita ke riƙe masa keken duk Juma'a yana goge sarƙa. Na ce na ji, amma ba ni da ikon rage ko sisi. Ta tashi ta tafi ba sallama.

Na shiga wurin alƙali da ƙima uku: ta sikeli, ta kasuwar Ƙaura, da tayin Kano. Na tambaye shi wacce za a ɗauka. Ya ce tayi a waya ba ƙima ba ne sai mai shi ya zo ya gani ya tsaya a kan maganarsa. Aka ɗaga zama mako biyu. Wakilin dillalin ya zo, ya duba, ya rage kaɗan saboda loɓawar, ya sa hannu. Alƙali ya sa aka cire kuɗin kai keken Kano, abin da ya rage shi aka rubuta. Ɗahiru da Ilu suka dangwala a matsayin shaidu.

Ranar rabo aka fitar wa mahaifiyarsu tumuninta, sauran aka kasa uku, biyu na Sani, ɗaya na Hadiza. Da aka zo kan keke Sani ya ce a sayar a raba. Alƙali ya juya wurin Hadiza, ya ce magaji ya fi bare cancantar abin gado in zai ɗauka a ƙimarsa. Ta ce za ta ɗauka. Ya tambaye ta daga ina za a cire. Ta ce daga kasonta na gonar Sakajiki.

Alƙali ya sa na karanta mata lissafin sau biyu. Keken zai cinye mafi yawan abin da take da shi a gonar, Sani ya haɗe da nasa. Alƙali ya ce mata, "Ɗiyata, ƙasa ba ta tsatsa. Kin yi shawara?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi. Damina huɗu ke nan ba wanda ya taka gonar nan cikinmu saboda mutanen daji. In an samu lafiya Yaya shi ka noma, ba ni ba. Wanga kuwa ina ganin shi kullum."

Sani ya ce shi bai tilasta ta ba, a rubuta. Aka rubuta. Daga baya ya ce a bar mata layi biyu na bakin gonar wajen hanya, ko da za ta so shuka wake. Wannan ma aka rubuta. Wakilin dillalin ya koma Kano hannu wofi, ya bar lambarsa ko za ta sake tunani. Na ga an ɗaure keken a saman motar Zurmi, an naɗe ƙahon da tsohon zani don kada igiya ta ci shi.

Ban san ko ta yi riba ko ta faɗi ba. Abokan aikina sun yi ta musu a kai, wasu suka ce ta yi wauta, wasu suka ce da na yi shiru da ta sami keken da gonar duka. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, amma da haƙƙin Sani da na mahaifiyarsu ta tafi da shi ba tare da ita ko su sun sani ba, kuma da hannuna.

Abin da na ɗauka daga wannan shari'a bai da yawa. Na ga masu sana'a biyu, ba wanda ya yi boko a cikinsu, kowane ya ƙi faɗin lambar da bai tabbatar ba, alhali ni mai albashi na faɗi tawa cikin minti ɗaya. Na kuma gane cewa magada ba sa neman mu zaɓa musu. Wani zai ɗauki ƙasa, wani zai ɗauki abin da ba zai taɓa hawa ba, kowa da dalilinsa, kuma ba ya cikin aikinmu mu auna dalilin. Namu shi ne kowa ya ji ainihin ƙimar abu a gaban kowa kafin ya ce na ɗauka ko na bari. Saboda haka duk abin da kuka tarar a ɗakin mamaci, komai munin kamarsa, ku ba shi layinsa shi kaɗai, ku bar gurbin ƙimar a buɗe har mai sana'ar ya taɓa shi da hannunsa.