Jirgin da Maigidana Ya Ƙarasa

Shekarar da nake da cikin fari, maigidana ya shigo gidanmu na Nguru da wani dogon akwatin katako, 'yan dako biyu na taya shi. Makaniki ne a tashar jirgin ƙasa, kafin nan kuma ya yi soja, can ya koyi aikin rediyo. Akwatin na wani Bature ne na kamfanin sayen gyaɗa, wanda zazzaɓi ya kashe a ƙarshen damina. Da aka yi gwanjon kayansa kowa ya yi rububin kujeru da fitilu, akwatin kuwa ba wanda ya taya sai maigidana.

Jirgin sama ne a ciki, na wasa, amma fikafikansa in an haɗa sun fi tsawon mutum. Baturen ya gama gangar jikin da fiffike ɗaya. Ɗayan haƙarƙari ne kawai na wani itace marar nauyi, har da shatin yatsan mamacin a busasshen gam.

"Malam, me za ka yi da wannan?" na tambaye shi.

"Ƙarasawa zan yi. Tashi yake yi, mutum na ƙasa yana sarrafa shi."

Ya kwashe kayan ɗakin da muke ajiye hatsi, ya mai da shi wurin aiki. Kullum ya taso daga tasha sai ya shige, ba ya fitowa sai salla. Ya lulluɓe fikafikan da farin ƙyalle, yana shafa musu wani ruwa mai wari don ƙyallen ya ɗame. Warin nan ya hana ni cin abinci. Kajina ma suka daina kiwo a wannan gefen. Shi kuwa tari ya kama shi, busasshe, idanunsa suka yi ja, in na yi magana sai ya ce sanyi ne.

Ana haka mahaifiyarsa ta zo daga Gashuwa duba ni, ta kawo mana bandar kifi. Ta leƙa ɗakin, ta ga abu miƙe bisa tabarma, fari fat, sai ta ja da baya tana salati. Da ɗanta ya dawo ta ce, "Mai abin nan bai ga ƙarshensa ba. Kai me ya kai ka?"

"Iya, katako ne da ƙyalle."

"Na ga ƙyallen," in ji ta.

Ranar da ya gama, Juma'a ce da la'asar. Ya kira mu tsakar gida, ya ajiye wani baƙin akwatin ƙarfe mai doguwar sanda a ka, ya ce mu dubi cikin ɗakin. Ya danna maɓalli. Wutsiyar jirgin ta karkata, ƙas, ba kowa kusa da ita. Ya sake dannawa ta dawo. Ya juyo yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin akwatin ya shigo, amma ni abin da ke cikina ne ya yi wani juyi. Iya ta ɗauki butarta ta zagaya.

Ya ce Nguru ta cika jama'a, a Gashuwa zai tashe shi, a fadamar da ke bayan gidansu in ruwa ya janye. Muka bi motar kaya mu uku, jirgin naɗe cikin tabarmi. Duk wanda ya hau motar sai ya dubi naɗin, ya dube mu, ya rage murya. Wani dattijo har ya yi mana gaisuwar mutuwa.

Da hantsi muka fita fadamar. Masunta suka bar gyaran komarsu suka tsaya daga nesa. Iya ta ƙi zuwa. Injin ya yi ta gardama, da ya kama kuma farfelar ta tsarge wa maigidana yatsa, jini ya ɗiga a farin fiffiken. Bai ko duba ba. Ƙarar kamar ta zuma dubu a cikin tulu. Ya saki, jirgin ya yi gudu bisa busasshiyar laka, ya ɗaga.

Ya tashi kam. Ya kewaya kanmu sau ɗaya, inuwarsa ta bi ta jikina. Daga nan ya miƙe ya nufi kogi. Maigidana ya danna maɓallin, ya sake dannawa, ya ɗaga akwatin sama da hannu biyu. Jirgin bai juyo ba. Tsuntsayen ruwa suka tashi gaba ɗaya, ya ratsa su, ya ƙanƙance, sai ƙarar kawai, ita ma ta ɗauke. Ba wanda ya yi dariya. Masuntan suka koma kan komarsu ɗaya bayan ɗaya, ba su yi mana sallama ba.

"Malam, mu tafi," na ce.

"Man jirgin bai ƙare ba tukuna," ya ce, yana kallon gabas. Muka tsaya har rana ta take.

Muka koma Nguru. Na haihu lafiya, mace. Tarin maigidana bai sake shi ba sai da damina ta faɗi, kuma tun daga lokacin maganarsa ta ragu ƙwarai.

Bayan suna, wani mai fataucin kifi daga wajen Gashuwa ya yi sallama da shi a zaure, ina jin su daga ciki. Ya ce makiyaya a hayin kogi sun ga abin ya faɗo tsakiyar shanunsu. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi da hannu. Da sanduna suka tura shi cikin rami suka binne, washegari suka tashi daga rugar.

Maigidana ya tambaya ko ta wane gefe ne. Mutumin ya ce bai sani ba, waɗanda suka sani kuma sun yi gaba da shanunsu.